Saitin totur da silo bayan canjin kaya: yadda na ga aikin wani mai sikana a Kano

Duk wanda aka canza masa totur bodi a mota, wato abin nan da makanikanmu suke ce wa bakin injekta, ko aka canza sensar totur, ko ma wanke shi kawai aka yi da feshi sannan yaga silon motar, wato gudun inji in ba a taka totur ba, ya haukace, to dan Allah kafin ya sake kashe ko sisi a kan wani kayan ya nemi mai sikana wanda ya san aikinsa. Ba kowane mai riƙe da na'ura nake nufi ba fa, don yanzu sun yi yawa, kowa ya sayi ɗan allonsa yana jonawa a ƙarƙashin sitiyari ya goge wutar cek ya karɓi kuɗi. Wanda zan yi magana a kansa wani rewaya ne a nan cikin Kano da ya ƙware a ɓangaren kwamfutar mota, kuma gaskiya na yaba da aikinsa sosai duk da akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba a wajen, su ma zan faɗa don kada wani ya je ya ce ban gaya masa ba.

Motata Honda Accord ce ta 2007, wadda ake kira DC, mai silinda huɗu, inji 2.4, giya otomatik. Masu irin motar sun san cewa daga 2006 Honda ta maida totur ɗin wannan injin na lantarki, ba kamar Accord EOD mai silinda huɗu ta 2003 zuwa 2005 ba wadda waya ce kai tsaye take jan farantin totur kuma tana da bawul ɗinta na silo daban. A DC za ka ga wayar totur ɗin ta fito daga feda kamar da, amma ba bakin injekta take zuwa ba, wani ɗan akwatin sensa take ja a jikin bangon inji, shi yake gaya wa ƙwaƙwalwar mota iya yadda ka taka, ita kuma ƙwaƙwalwar sai ta umarci wani ƙaramin moto da ke cikin totur bodin ya buɗe farantin. Kenan babu wani noti ko sukuru na silo da aka tanada don bakanike ya riƙa murɗawa, kwamfuta ce take riƙe da silon gaba ɗaya. Tawa ta fara ne da ɗauke ƙarfi ana cikin tafiya, wutar cek ta kawo, ka taka totur har ƙasa motar tana rarrafe, da aka duba sai lambar P2135 ta fito wadda take nufin sensa biyun da ke cikin totur bodin sun daina yarda da juna, kuma tunda a haɗe suke da shi ba a sayar da su daban sai dai a canza gaba ɗaya. Aka samo ɗan Beljiyam mai kyau a Ƙofar Ruwa, mai tsafta fes, aka ɗaura.

Rarrafen nan kam ya tafi, sai kuma wata sabuwa ta fito. Mota a tsaye a faki allurar rpm mai nuna gudun inji tana kan 1500, wani lokacin ta hau ta sauko ta hau ta sauko ita kaɗai kamar wani yana wasa da feda, in ka sa giya a D sai ta fizga da ƙarfi har ka ji ƙarar a ƙasan mota, a gosulo kuwa ƙafarka ba ta isa ta bar birki ba don da kanta take son tafiya, ranar da na bi ta Kantin Kwari da yamma wallahi na sha wahala saboda 'yan adaidaita sahu suna shigowa ta ko'ina ga motar tana ta turawa gaba. Mai kuwa ba a magana, kuma kowa ya san tun da aka cire tallafi a ƙarshen watan Mayun 2023 shan mai ya daina zama abin da mutum zai ɗauke kai a kansa.

Garejin da aka ɗaura kayan sun ce a cire kan batir na minti goma a mayar, an yi, ta ɗan lafa kaɗan sannan ta koma gidan jiya. Daga nan sai lissafi ya fara, wannan yace eyafulo ne, wato sensar da ke auna iskar da take shiga inji, wancan yace fulogi, wani yace a wanke nozul, ƙarshe ɗaya daga cikin yaran ya ɗauko sifana zai taɓa ɗan sukurun nan da kamfani ya shafa wa fenti a jikin totur bodin wai zai rage silo da shi, nan dai nace a'a a bar min ita haka. Wannan sukurun shi ne iyakar inda farantin yake tsayawa, a masana'anta aka saita shi aka rufe, in aka taɓa shi to an shiga gyaran gangar Auzinawa, domin duk wani saitin da kwamfuta za ta yi daga baya a kan karkataccen ma'auni za ta yi shi. Ba wai ina kushe su bane, mutanen kirki ne kuma a aikin ƙafa da birki da saukar da inji ba su da matsala, kawai dai zamanin kafireta ne har yanzu a hannunsu.

Wani abokin aikina mai Honda Anaconda ne ya kwatanta min wajen rewayan. Shago ne ƙarami da rumfar kwano a gaba wadda ba ta ɗaukar fiye da mota biyu, sauran duk a rana suke layi, ga yara masu koyon aiki suna ta kai kawo. Shi Ogan ba mai yawan surutu bane, da na fara zayyano masa labari ya bari na gama tsaf sannan yace "Alhaji me da me aka canza, kuma an cire batir bayan an canza?" Na gaya masa, yace a buɗe bonet. Abu na farko da ya burge ni kenan, bai fara da jona na'ura ba, sai da ya tsaya ya kalli injin yana aiki, ya taɓa tiyon lagireto na sama, ya leƙa fanka, ya bi tiyoyin iska da hannu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa yaro ya ɗauko masa sikanar, Launch X431 ce irin mai kama da tablet ɗin nan, ya jona a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin dashbod ɓangaren direba.

Lambobi biyu suka fito, P0507 wato silo ya haura inda kwamfuta take so, da P0128 wato ruwan inji ba ya kai zafin da ya kamata. Bai goge su ba, ya ɗauki hotonsu da wayarsa ya shiga wajen da na'urar take nuna abin da kowace sensa take faɗa a lokacin, ya juyo min da allon yace in duba da kaina. Zafin ruwa yana sittin da 'yan kai bai wuce nan ba, kuma fanka tana ta gudu tun da aka kunna makulli ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Sannan ya nuna min wani layi da yake nuna yawan man da kwamfuta take ƙarawa a kan lissafinta na asali, a silo lambar tana sama sosai, in ya ɗan ba ta wuta sai ta sauko kusa da sifili, yace wannan alamar iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya wadda eyafulo bai auna ta ba. Ya kashe injin ya bar makulli a buɗe, ya sa yaro ya taka feda a hankali tun daga sama har ƙasa, muna kallon layin sensar feda da na sensar totur suna hawa tare sumul babu tsalle babu yankewa, yace "kayan da ka saya lafiyarsu ƙalau Alhaji, kar wanda ya sa ka mayar."

Bayanin da ya yi min a kan dalilin hawan silon shi ne ya zauna min a kai. Tsohon totur bodin shekara da shekaru yana tara baƙin datti a gefen faranti, hayaƙin baƙin mai da ke dawowa ta tiyon numfashin inji yana haɗuwa da ƙura, mu kuma nan ƙurar hunturu ba sai an gaya wa kowa ba, dattin yana toshe 'yar ƙofar da iskar silo take bi, kwamfuta kuma a hankali tana ƙara buɗe farantin don injin kar ya mutu, tana ajiye wannan ƙarin a ƙwaƙwalwarta. Kamar mutumin da ya saba da ƙofa mai tauri ne kullum sai ya sa kafaɗa, ranar da aka sa wa ƙofar mai bai sani ba ya zo ya banka da ƙarfin da ya saba. An ɗaura mai tsafta amma kwamfuta tana buɗe shi da lissafin mai datti, iska ta yi yawa, silo ya tashi. Shi ya sa ko wankewa kawai aka yi a kan ga irin wannan, mutum ya kai mota sabis lafiya lau ya dawo da ita tana kuka.

Nace to Oga a saita mana kawai mu tafi. Yace ba zai saita ba. Wallahi da farko raina ya ɗan sosu don na ɗauka jan rai ne irin na a ƙara kuɗi, sai yace "Yallaɓai in na danna maka yanzu kuɗinka kawai zan ci, motar nan babu tamostat a cikinta kuma an haɗa fanka dairek, ba za ta karɓi saiti ba, ko ta karɓa a kan ƙarya ta karɓa." Ashe tun kafin motar ta zo hannuna wani ya cire tamostat ɗin ya haɗa fankar da makulli, abin da ake yi wa motoci da yawa a ƙasar nan da zarar sun sauka. Ƙa'idar da Honda ta shimfiɗa ta koyar da silo kuwa gaba ɗayanta a kan zafin inji ta dogara, dole injin ya kai cikakken zafinsa, wajen digiri 90, kuma dole duk wani abu mai jan wuta ya kasance a kashe lokacin da kwamfuta take koyo, har ita fankar ma in ta tashi a tsakiya ba a lissafa lokacin da ta yi tana gudu. To motar da ruwanta ba ya wuce sittin da wani abu, fankarta kuma ba ta taɓa tsayawa, ta ina za ta cika waɗannan sharuɗɗan?

Maganar tamostat ɗin nan ina so in ɗan tsaya a kanta don tana ci min rai. Kullum abin da ake faɗa shi ne ai na ƙasar sanyi ne, mu nan zafi gare mu ba ma buƙatarsa. Wanda duk ya je Umara ko aikin Hajji ya ga motocin Makka da Madina, zafin can bai gaza namu ba, kuma da tamostat ɗinsu suke yawo. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafi sannan ya buɗe ya bar shi ya zagaya lagireto, na wannan Hondar a wajen digiri 78 yake fara buɗewa, an ma buga lambar a jikinsa. In babu shi injin kullum a sanyaye yake a idon kwamfuta, ita kuma in ta ga inji da sanyi sai ta ƙara mai ta ɗaga silo don ya yi saurin ɗumama, irin yadda mota take yi da asuba, sai dai wannan asubar ba ta wayewa. Mai yana tafiya a banza, fulogi yana baƙi, baƙin mai yana saurin lalacewa, moton fanka da aka yi shi don ya riƙa hutawa yana gudu ba dare ba rana har ya ƙone. Motar da take zafi kuwa akwai abin da yake damunta, ko lagireto ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko shi tamostat ɗin ne ya maƙale yana buƙatar sabo, cire shi ɓoye ciwon ne kawai. Na san akwai direbobin haya da za su ce sun shekara goma a hanyar Kano zuwa Maiduguri babu tamostat kuma ba abin da ya faru, ban ƙaryata su ba, amma tsohuwar mota mai kafireta daban, motar da kwamfuta take auna mata mai da zafin ruwa daban.

Sai maganar iskar da take shiga ta gefe. Ya tada injin ya ɗauko gwangwanin feshin wanke kafireta ya riƙa fesawa kaɗan kaɗan a mahaɗar tiyoyi, ko'ina shiru, yana zuwa daidai inda totur bodi ya haɗu da manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, ta ƙasa sai muryar injin ta canza nan take, allura ta motsa, ya sake fesawa ta sake yi. Da aka kwance sai ga tsohon gasket ɗin ne aka mayar, ya tsage a gefe ɗaya an shafe shi da jan gam, gam ɗin ma ya tsattsafo ciki har ya kusa taɓa faranti. Ya kankare wajen a hankali da reza, ya goge da tsumma mai tsafta, ya aiki yaro ya sayo sabon gasket da tamostat da ruwan kulan na galan. Na lura ko da zai goge cikin totur bodin a tsumma ya fesa maganin ba a cikin ramin ba, kuma sai da ya zare makulli ya sa a aljihunsa kafin ya sa yatsa kusa da farantin, yace moton nan in ya rufe da yatsan mutum a ciki sai dai asibiti, ya kuma ja wa yaran kunne a gabana kada wanda ya kuskura ya riƙa tura farantin da ƙarfi don akwai ƙananan haƙora na roba a ciki.

Ɗaura tamostat ba aikinsa bane, wani bakanike maƙwabcinsa ya kira ya yi a nan wajen yana tsaye a kansa, shi kuma ya warware haɗin da aka yi wa fankar ya maida ita kan rile ɗinta na asali, ya naɗe wayoyin da aka feƙe. Sannan suka ɗauki lokaci suna fitar da iska daga cikin ruwan, murfin lagireto a buɗe, hita a kunne, ana matsa tiyo kumfa tana fitowa ana ƙara ruwa. Yace wannan ma mutane suna raina shi, akwai ƙananan tiyoyin ruwa da suke ratsa totur bodin wannan injin, duk wanda ya kwance shi ya buɗe wa iska hanya, kuma in kumfar iska ta tsaya a kan sensar zafi sai ta riƙa ba kwamfuta labarin da ba shi bane, silo ya dinga hawa da sauka.

Sai bayan duk wannan aka zo kan saitin da na zo dominsa, kuma shi ne ma ya fi komai sauƙi. Ya kashe esi, rediyo, fitilu, har cajar wayata ya zare, ya daidaita sitiyari ya miƙe, giya a P. Ya shiga ɓangaren Honda a cikin na'urar ya goge abin da kwamfuta ta koya a kan tsohon totur, ya sake saita ƙwaƙwalwar, ya kashe makulli, ya sake buɗewa ya ɗan dakata daƙiƙa biyu ba tare da ya taɓa feda ba, muna jin ɗan kukan moton totur yana gwada kansa, sannan ya tada injin ya riƙe shi a 3000. Ido a kan allo, zafin yana hawa, 70, 80, ya ɗan tsaya lokacin da tamostat ya buɗe tiyon ya ɗau zafi, ya ci gaba har fanka ta tashi da kanta, karo na farko kenan da na ji fankar motar nan ta tashi kuma ta tsaya. Ya ɗauke ƙafa ya fito ya rufe ƙofa yace kar wanda ya taɓa motar, ya sa agogon wayarsa minti biyar, da fanka ta sake tashi ya tsayar da agogon sai da ta yi shiru ya ci gaba. Allurar ta sauko a hankali, ta ɗan yi jinkiri wajen 1000, ta gangaro ta zauna tsakanin 700 da 800 ba ta ƙara motsi ba.

Bai sallame ni a nan ba, ya kunna esi muka ga allura ta ɗan nutsa ta dawo wajenta, ya kunna manyan fitilu, ya murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ya taka birki ya sa R ya sa D, duk ta riƙe, fizgar nan ta tafi sai ɗan motsi kaɗan. Muka fita da ita tare na'urar tana kan cinyarsa, muka yi zagaye muka shiga cunkoso da gangan, muka dawo ya sake duba lambobi babu ko ɗaya, layin ƙarin man nan ma ya dawo kusa da sifili a silo.

Ina zaune ina jira na ga yadda yake yi da wasu motocin, abin ya ƙara min yarda da shi don bai ɗauki hanya ɗaya ya ɗora wa kowa ba. Wata Nissan da aka wanke wa totur aka kawo, yace su Nissan ko babu na'ura ana iya yi da ƙafa amma sai da agogo a hannu, inji da zafi, ka buɗe makulli ka jira daƙiƙa 3, ka taka feda ka saki sau 5 cikin daƙiƙa 5, ka jira daƙiƙa 7, ka danne har ƙasa kusan daƙiƙa 20 har wutar cek ta gama ƙiftawa ta tsaya cak, ka saki cikin daƙiƙa 3 ka tada mota, in ka kuskure ko kaɗan sai ka sake daga farko, shi ya sa shi ya fi son ya yi da sikana. Su Golf 4 da Passat kuma inji a kashe ake yi, makulli kawai a buɗe, na'ura ta sa totur ɗin ya zagaya daga rufe zuwa buɗe kana jin yana ƙas ƙas har ya rubuta ya karɓa, kuma batir mai rauni yana hana shi karɓa. Toyota irin su Corolla da Camry yawanci su da kansu suke koyo in inji ya yi zafi aka bar su a silo aka kuma ɗan yi tafiya, in dai babu wata matsalar a ƙasa.

Tsofaffin motoci masu waya da sensar totur ta daban wadda ake ɗaurewa da sukuru biyu kuwa ba sikana ya ɗauko ba, mita ya ɗauko. Sensar waya uku gare ta, ɗaya tana kawo volt 5 daga kwamfuta, ɗaya ta ƙasa wato nagatif, ɗaya kuma ita take maida labari, a yawancin irin waɗannan in totur a rufe yake ana neman wajen rabin volt, in an buɗe shi duka ya kai wajen huɗu da rabi, sai ya sassauta sukurun ya riƙa juya sensar kaɗan kaɗan har mita ta nuna daidai sannan ya ɗaure ya sake aunawa don ɗaurewar ma tana iya gusar da ita. In an ɗaura ta a karkace kwamfuta sai ta ɗauka ƙafarka tana kan feda alhali ba ta kai, silo ya ƙi zama, giyar otomatik ma ta riƙa shiga a makare ko da duka, mutum ya je ya sauke giya lafiyayya a banza.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba, na farko jira. Babu wani tsari na wa ya riga wa, wanda ya fi sanin Oga ko ya fi ɗaga murya sai ka ga an tsallake an duba tasa, na zo da safe amma sai bayan azahar aka taɓa motata, wajen zama kuma benci ɗaya ne a gefen rumfa rana tana dukan rabinsa. Na biyu ba ya ba da komai a rubuce, ba rasit ba takardar abin da na'ura ta gani, sai da na roƙa ya tura min hotunan lambobin ta WhatsApp, alhali na'urar tasa tana iya fitar da rahoto, kuma irin wannan takardar tana da amfani ranar da za ka sayar da mota ko ka kai ta wani wajen. Na uku yaran, shi Ogan yana da tsafta a aiki amma su sun shiga min mota da hannun baƙin mai sun ɓata sitiyari da murfin ƙofa, ko leda ba a shimfiɗa a kujera ba. Sannan ba ya faɗin kuɗi tun farko, sai an gama yace a kawo kaza, ni dai bai zalunce ni ba amma gara mutum ya tambaya kafin a fara, kuɗin dubawa nawa, na saiti nawa, don a rabu lafiya.

Kuɗin aikin hannunsa duka, dubawa da gyaran wayar fanka da saitin, bai kai abin da zan zuba rabin tanki ba, kayan da aka sayo da ladan bakaniken tamostat daban na biya, kuma da na bi lissafin garejin farko na sayi eyafulo da fulogi da wankin nozul da na kashe ninkin haka matsalar tana nan. Wasu za su ce ai akwai ɗan ƙaramin abin nan ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth mai arha, eh yana da amfani kuma ina ba duk mai mota shawara ya ajiye ɗaya, zai karanta maka lamba ya nuna maka zafin ruwa da rpm, ko don ka gane an cire maka tamostat ko ba a cire ba ya isa, amma yawancinsu ba sa shiga ɓangaren kamfani inda ake goge abin da totur ya koya, wannan sai manyan irin su Launch da Autel ko na'urar kamfanin ita kanta.

Tun daga ranar silon bai sake tashi ba, da safe takan fara a sama kaɗan kamar yadda kowace mota take yi sannan ta sauko cikin 'yan mintuna, allurar zafi tana tsayawa ƙasa da rabi kaɗan ko a gosulon rana da esi a kunne, man da nake sha a sati ya ragu yadda na gani a aljihuna, kuma hita da ban taɓa sanin tana aiki ba yanzu tana kawo zafi. In za ka je wajen irin waɗannan masu sikanar ka je da sassafe, ka tafi da tsohon kayan da aka cire in yana hannunka don yakan so ya gwada lambar jikinsa da ta sabon, ka gaya masa duk abin da aka taɓa har da cire batir, kuma ka tabbatar akwai isasshen mai a tanki don injin zai daɗe yana aiki a tsaye. Ɗan motsin da ya rage in an sa giya yace ba na silo bane, ya nuna min robar da ke riƙe inji ta gaba ta tsage, yace wannan aikin bakanike ne in kai a canza kafin ta ja sauran.